Taken Maina a Aljihun Kowa

Kwanan Sadisu biyu da dawowa Kwaya, Balaraba 'yar Maina ta same shi a ƙofar gidansu yana gyara tsarkiyar gangarsa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Sadisu, taso ka ga aikinka."

"Yaya Balaraba, ko ruwa ba kya sha ba?"

"Na ƙoshi. Taso."

Sadisu makaɗi ne ɗan makaɗa. Mahaifinsa, marigayi Sambo, shi ke yi wa manoman Kwaya kiɗa ranar gayya. Kowane gwarzon manomi yana da takensa, kiɗan da ganga ke kiransa da shi, shi kaɗai. In an buga maka, ko tuwo kake ci sai ka ajiye loma ka miƙe, ka ɗaga galma sama ka amsa da kirari. Wanda aka yi wa takensa ya ci gaba da zama, to an gama da shi a gari. Cikin duk taken da Sambo ya bari babu mai daɗin na Maina. Yakan fara a hankali kamar mai lallashi, sannan ya tsinke da gudu.

Shekara biyu da suka wuce Sadisu ya tafi Damagaram neman abin yi, ya faɗa hannun wani Mas'udu mai busa saksofon, shugaban wata ƙungiya da ake kira Gawo Jaz. Su biyar ne, kuma ba sa waƙa da baki. Ɗaya zai ɗauko kiɗa ya yi yawo da shi inda ya ga dama, ya miƙa wa na kusa, shi ma ya zaga da shi ya dawo. Da farko masu sauraronsu ba su wuce malaman lakwal, wato makarantar boko, da sauran 'yan boko ba. Mutanen gari kan ce, "Waɗannan har yanzu gwaji suke, yaushe za su fara?"

Wata rana wajen gwajin, hannun Sadisu ya zame ya faɗa taken Maina, ba da niyya ba. Mas'udu ya cire saksofon daga baki.

"Kai, mene ne wannan? Sake!"

Ya sake. Saksofon ya bi bayan gangar yana kewaya ta kamar mai roƙo, jita ta shigo ta ƙasa. Suka ɗauki kiɗan a na'ura, suka sa masa suna Hantsi. Cikin wata uku ya bazu. 'Yan kabu-kabu suka sa shi a motocinsu, mata suna daka da shi, masu shayi suna buɗe rumfa da shi. Aka gayyace su Yamai, mutanen da ba su san ko "sannu" da Hausa ba suka miƙe suna tafi. Sau ɗaya Sadisu ya tuna da Maina a lokacin, ya ce a ransa tsohon zai ji daɗi, sunansa ya je inda ƙafarsa ba ta je ba.

Gidan Maina a bakin hanya yake, inda motoci masu zuwa Magarya ke wucewa. Suka same shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da bango. Tun bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Akwai sabon rauni a goshinsa, leɓensa a kumbure, gwiwar hagu an ɗaure ta da tsumma.

"Baba, barka da hutawa."

"Ɗan Sambo ne? Ka yi ƙiba. Shinkafar birni."

Maganar tana fita a karkace, amma ana ganewa. Sadisu ya durƙusa, bai gama tambayar jiki ba sai ga wani moto, babur ɗin ɗan kabu-kabu, ya taho daga nesa da kiɗa a sama. Hantsi ne. Ya ji hannunsa a ciki, bugun farko mai lallashi.

Idon tsohon ya buɗe. Ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya tattaro ƙafa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya taso har rabi yana ƙoƙarin ɗaga hannun da ba ya ɗaguwa, bakinsa yana neman kirari. Sai gwiwar ta saki. Balaraba ta riga ta san inda zai faɗi, ta tare shi da ƙirjinta kafin kansa ya sami bango. Moton ya wuce abinsa.

"Na huɗu ke nan yau," in ji ta, tana goge masa yawu da bakin zane. "Ranar kasuwa ban ƙirga ba. Ina da miji da 'ya'ya a Dogo-Dogo, wata biyu rabona da su. In na shiga kewaye sai gabana ya riƙa faɗuwa. Lokotoron asibiti ya ce in ya ƙara bugun kai, shi ke nan."

Sadisu ya matso kusa da tsohon.

"Baba, ba ni nake kiranka ba. Salula ce. Kiɗa ne aka ɗauka, yana cikin waya. Babu gayya, babu kowa a gona."

"Ni yaro ne? Na san waya ce."

"To don Allah ka riƙa zama."

Maina ya dube shi da idon da ke buɗewa sosai.

"Hannun wa ke ciki?"

"Nawa ne."

"Gangar wa?"

"Ta Baba Sambo."

"To. Shekara arba'in ubanka bai taɓa kirana na zauna ba. Yanzu don na kwanta sai a ce an yi wa Maina take a ƙofar gidansa ya yi kamar bai ji ba? Kai ka daina kira, ni sai in daina tashi."

Balaraba ta ce sun gwada auduga a kunne, ya cire ya jefar. Sun mayar da shi ɗakin ƙurya, nan ma yana ji, ga duhu ga kaɗaici, ya ƙi cin abinci har aka dawo da shi zaure.

Sadisu ya fita ya kira Mas'udu a waya. Ya yi masa bayani tun daga farko. Mas'udu ya ce, "Subhanallahi. Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Ban san zai kai haka ba. Maigida, a janye shi."

"A janye daga ina, Sadisu? In daina busa shi, na daina daga yau, wallahi, ko da shi ne ake kiranmu dominsa. In cire daga intanet, sai in cire. Wanda ke aljihun mutane fa? Ni kaina ban san wanda ya kai shi Kwaya ba."

Daga nan ya wuce rumfar Jibo, mai zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Jibo na ganinsa ya yi tsalle.

"Jama'a ga mai Hantsi da kansa! Shege, ka fitar da mu kunya!"

"Jibo, goge shi nake so ka yi."

"Goge me? Kai, zafin birni ya taɓa ka?"

Da ya ji dalili, dariyar ta ɗauke. Ya goge a gaban Sadisu, ya nuna masa. Sannan ya ɗaga kafaɗa.

"Amma kowa tura wa kowa yake. Ɗazu wani Bafillace ya zo da shi daga Bande, ni ya so ya ba."

Kwana uku Sadisu yana bin gari. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, mutanen Kwaya suka ji tausayi, da yawa suka goge. Amma hanya ba ta 'yan Kwaya ba ce su kaɗai. Ya tsaya a bakin titi yana tare motoci, wasu su kashe, wasu su ce ya tsaya a ɗauki hoto. Wanda ya roƙa da safe ba shi ke wucewa da azahar ba. A rana ta uku Maina ya faɗi kan turmi, haƙori ɗaya ya fita.

Balaraba ta yanke shawara. Akwai bukka a gonarsu ta arewa, tafiyar awa guda, babu hanyar moto. Can za ta kai shi, ta zauna da shi.

"Can wa zai riƙa gaishe shi?" in ji Sadisu. "Abokan hirarsa duk suna nan."

"Kana da wata dabara?"

Sadisu ya tashi ya tafi neman mai amalanke.

Da hantsi aka kawo amalanken jaki, aka shimfiɗa katifa, aka ɗora tsohon. Bai yi gardama ba. Ya ce kawai a sa masa galmarsa a gefe. Balaraba ta hau ta zauna a bayansa, ta rungume kafaɗunsa. Dole sai sun ratsa ta tasha kafin su kama hanyar gona, don haka Sadisu ya shiga gaba a ƙasa, hannuwansa biyu a sama, yana duban aljihun duk wanda ya tunkaro.

"Don Allah a kashe waya. Don girman Allah, minti biyar kawai."

Mutanen gari suka gane, suka yi tsit, wasu suka cire hula suna yi wa Maina sallama. Har sun kusa fita tasha sai ga wata motar haya ta tsaya, cike da fasinjojin Magarya. Direban ya leƙo, ya ƙura wa Sadisu ido, fuskarsa ta washe.

"Kai! Ba kai ne mai gangar Gawo Jaz ba? Wallahi shi ne! Tsaya ka ji, maigida, tsaya ka ji girmamawa!"

"A'a! Don Allah kar ka..."

Direban ya murɗa rediyon motar har ƙarshe. Fasinjoji suka ɗauki tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa. Sadisu ya ruga wajen tagar yana ihu, amma gangarsa ta fi muryarsa ƙarfi, direban kuwa dariya yake yana ɗaga masa babban yatsa.

Ya waiwaya. A kan amalanken Balaraba ta danne mahaifinta da duk nauyinta, tana kuka tana cewa mai jaki ya yi sauri. Tsohon yana ta kokawa a ƙarƙashinta, hannunsa na hagu yana lalube cikin katifa, yana neman ƙotar galma.