Tsinin Allura

Lokacin da matar ɗanta ta sulale ta faɗi a gindin teburin guga, Uwar Kwala, wadda ɗinkin kwalar riga ya jawo wa sunan, tana tsakiyar ɗinka wuyan wata farar riga, kuma ba ta ɗaga ƙafarta daga kan keken ba. Haka dokar masana'antar take: layi ba ya tsayawa don wani ya faɗi. Mata biyu daga wajen masu ninki suka ɗauke yarinyar, suka jingina ta da tarin yadi, ɗaya ta yayyafa mata ruwan gora wanda ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. Cikinta ya riga ya fito, rigar aikin ma ba ta rufe shi.

"A ci gaba!" in ji mai kula da layin, wanda suke kira Mai Agogo saboda idonsa kullum yana kan tsintsiyar hannunsa. "Jiri ne kawai. Ta huta kaɗan ta koma."

Rufin kwano ne a kansu, tagogin kuma an liƙe su da walda tun shekarar da masu sayen kaya na ƙetare suka yi ƙorafin ƙura a kan fararen riguna. Fankoki suna nan a rataye, amma ba a kunna su, wai suna watsa yankakken yadi. Can sama, bayan gilashi, manaja yana zaune da kwat a jikinsa, na'urar sanyaya ofishinsa tana ɗigar da ruwa a bango.

Rediyo, mai haɗa hannun riga, ita ce a keke na gaba. Bakinta ba ya hutawa, shi ya sa aka sa mata sunan.

"Uwar Kwala, surukarki ce fa."

"Na gani."

"Kin gani, shi ke nan? Rigunan nan ƙasar sanyi za a kai su, ki sani. Su suka hura wa duniya wuta da hayaƙinsu, mu ake gasawa. Da na fara aiki a nan, akwai watannin da nake zuwa da rigar sanyi. Yanzu ina rigar? Na yanka ta na yi tsumman goge keke."

"Rediyo, rage murya," in ji Mai Agogo.

"Batirina sabo ne, ranka ya daɗe."

Uwar Kwala ba ta yi dariya ba. Ita ta kawo yarinyar nan aiki, ita ta tsaya a ƙofar ofis tana roƙo bayan an rufe kamfanin da ɗanta yake yi wa aiki. Yanzu gidan gaba ɗaya a kan hannayensu su biyu yake. Ta daɗe a kan wannan keken har mariƙinsa ya sauya launi daidai inda tafinta ke zama, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba.

Ba a jima ba Mai Agogo ya ɗago yarinyar, ya miƙa mata dutsen guga. Tururi ya tashi ya rufe mata fuska. Ta waiwayo, idonta ya haɗu da na uwar mijinta, sai ta sunkuyar da kai don kunya, ta yi ɗan murmushi wai ta nuna lafiya lau take. Leɓɓanta sun yi fari fat.

Abu ɗaya ne kawai yake tsayar da layi a gidan. Idan allura ta karye, dole kowane keke ya yi shiru sai an nemo kowane gutsure an jera shi, an ga allurar ta cika daga kai har tsini. Masu sayen kaya suna tsoron kada tsinin ya maƙale a riga ya soki wani a can ƙasarsu. In ba a samu ba, duk abin da aka ɗinka a ranar ba ya fita ƙofa. Kuma motar kaya tana tsaye a waje tun safe.

Uwar Kwala ta kai ƙarshen wuyan rigar. Allura na sauka, ta fizgi yadin gefe guda da ƙarfi.

Ƙas!

Tsinin ya faɗo kan farantin keken. Ta danne shi da babban yatsa, ta kai hannu baki kamar mai share gumi, ta ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, inda ta saba riƙe allura tun tana ɗinkin hannu a gida. Sannan ta ɗaga hannu.

Mai Agogo ya busa usur. Kekuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka zare dutsen guga daga wuta. A cikin shirun nan Uwar Kwala ta ga matar ɗanta ta zauna a ƙasa ta jingina kai da ƙafar tebur.

Mai Agogo ya zo da maganaɗisu a kan sanda, ya bi ƙasa, ya bi farantin, ya zazzage rigar. Ya sami kan allurar da tsakiyarta. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin keken, gumi yana ɗiga daga hancinsa.

"Baba, ke da ba ki taɓa karya allura ba? Yau da mota take jira?"

Ta naɗe hannuwanta a kan cinya.

"Nemi da kyau," in ji Rediyo. "Wataƙila zafi ya narkar da shi."

Mata suka fashe da dariya. Wata ta je ta cika gora a famfo ba tare da ta nemi izini ba, wata ta ɗauki guntun kwali tana yi wa mai cikin fifita.

Manaja ya sauko da kansa. Kafin ya ƙaraso tsakiyar ɗakin ya cire kwat ɗin ya rataya a hannu.

"Mama, ke babba ce a nan," ya ce da taushin murya. "Kin san abin da zai faru in motar nan ta tafi ba kaya. Ba ni kaɗai zai shafa ba, har ku. Ina tsinin?"

Ta yi magana a hankali, ba ta buɗe baki sosai ba.

"Yana nan."

"Ina?"

"A buɗe tagogi. A kunna fanka. Yarinyar can a ɗauke ta daga guga a mai da ita ninki. Sai ya fito."

Mai Agogo ya miƙe da sandarsa a hannu, ya rasa inda zai sa ido.

"Kin san abin da kika faɗa yanzu?" in ji manaja. "Da gangan ke nan. Wannan kora ce, ba gargaɗi ba."

"Na sani."

"Mama, don Allah," matar ɗanta ta ce daga ƙasa. "Na warke. Wallahi zan iya."

"Yi shiru, 'yar nan. Ba da ke nake ba." Ta juyo ga manaja. "Mutum ya faɗi da ciki, ba ku tsaya ba. Ƙarfen da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya ɓace, ga ka nan ka sauko da ƙafarka. To, yanzu na san darajar kowa."

Ya ce zai sa a caje ta. Rediyo ta ce a fara da ita, ta ɗaga hannaye sama, ta ce amma a kawo mace, don mijinta yana da kishi. Sauran matan suka miƙe tsaye a bayan kekunansu. Manaja ya dubi fuskokinsu, ya dubi agogon Mai Agogo, gumi ya jiƙa masa riga har ta manne da baya. A waje direban motar ya danna oda.

Manaja ya sa aka kira mai walda, ya zo da injin yankan ƙarfe. Tartsatsi ya yi ta zuba, taga ta farko ta buɗe da ƙara kamar tana jin ciwo, sannan ta biyu. Iskar da ta shigo ba wata mai sanyi ba ce, amma iska ce. Fankoki suka fara juyawa suna zubo ƙurar shekaru a kan fararen riguna. Aka kama hannun mai cikin aka zaunar da ita a kujera wajen masu ninki.

Uwar Kwala ta sa yatsu biyu a baki, ta zaro tsinin, ta goge shi da gefen zanenta, ta ɗora a kan maganaɗisun. Da ɗan jini a jikinsa.

"Allura ta cika," in ji Mai Agogo, ba tare da ya ɗago kai ba.

Manaja ya miƙo hannu. Ta cire katin aiki daga wuyanta ta ba shi, ta ɗauki jakarta da gorarta. Ta shafa mariƙin keken sau ɗaya. Da ta zo wucewa ta gaban matar ɗanta, ta ce, "Ki sha ruwa. In kin tashi ki biya ki sayo sabulu, na gida ya ƙare."

Aka busa usur, kekuna suka tashi. Tana tafiya tsakanin layuka, mai gadi yana biye da ita, ta ji manaja yana ce wa mai walda kada ya yi nisa, da an loda mota za a mayar da tagogin yadda suke.

Ta kai bakin ƙofa ke nan, hannunta a kan ƙarfen.

Ƙas!

"Wayyo, ranka ya daɗe," muryar Rediyo ta cika ɗakin. "Allurar bana ba ta da ƙwari."

Kafin Mai Agogo ya kai usur baki, wata ta karye a can ƙarshen layi, wata kuma a wajen masu maɓalli. Uwar Kwala ba ta waiwaya ba. Ta saki ƙofar, ta jawo bencin mai gadi zuwa inda iskar taga ke bugowa, ta zauna ta buɗe gorarta.