Kukan Kujerar Desa

Shekara arba'in da uku matata Desa tana ce mini in gyara kujerar nan, ban gyara ba. Sai da ta daina faɗa sannan na gyara. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Mahaifinta ne ya yi kujerar da icen tuffa, ta zo da ita gidana cikin kayan aure. Wurinta ɗaya ne, gefen tagar kicin, inda ake hango titin jirgin ƙasa. Kuma tun ranar da ta shigo gidan nan kuka take yi. Ka zauna ta ce ƙiii, ka jingina ta ce ƙat. Desa za ta zauna, kujera ta yi kukanta, ita kuma ta ce, "Rade, wai yaushe za ka gyara kujerar nan?" Ni kuma in ce, "Ranar Asabar." Haka muka yi ta yi har muka yi furfura.

Lokacin da nake aiki a reluwe ina da hujja. Da na yi ritaya sai na mayar da ɗakin ajiyar bayan gida wurin sassaƙa, na sayi zarto da kurfi da guduma, na shiga ɓarnar katako. Na yi gidan tsuntsaye har goma sha ɗaya. Na yi teburin da ba ya tsayuwa sai an cusa masa takarda a ƙafa. Amma kujerar matata ban taɓa ta ba. Ina jin daɗin mitar ne kawai, gaskiyar magana ke nan.

Shekara uku da suka wuce ciwon mantuwa ya kama Desa. Ta fara da zuba gishiri a kofi maimakon sukari, muka yi dariya. Daga nan sunayen maƙwabta suka tafi, hanyar coci ta tafi, dariya ta ƙare. Mitar kujera ma ta tafi. Abin da ya rage mata biyu ne. Da safe takan dube ni ta ce "Rade," ko da ba ta ƙara komai ba. Sannan kujerar. Ta zauna, ta ji kukan, ta yi ajiyar zuciya, shi ke nan ta wuni tana kallon jirage. Ni ban taɓa haɗa natsuwarta da kukan ba. Ina zan haɗa? Kan ɗan reluwe gare ni.

Wata Talata a farkon bazara ta tashi tsaye, na ga kujerar ta yi rawa. Na ce kada wata rana ta kayar mini da ita. Tana barcin rana na ɗauke kujerar zuwa bayan gida. 'Yar sandar da ke haɗa ƙafafun baya ce ta yi sako-sako a raminta. Na buge ta ta fita, na kankare ramin tas, na kwaɓa gam ɗin zamani, irin mai bututu biyu da ake haɗawa, na cika ramin, na mayar da sandar, na ɗaure da igiya na murɗe da guntun katako. Washegari na hau kanta da duk nauyina. Tsit. Har fito na yi don murna.

Na ajiye ta a wurinta. Desa ta zo ta zauna. Ta jingina. Ta ɗan taso ta sake zama. Sai ta miƙe, ta zagaya kujerar tana kallonta, ta kalli kicin ɗin da ta yi fiye da shekara arba'in tana girki a ciki.

"Gidan wa ne nan?" ta ce.

"Haba Desa, gidanki ne. Ga kujerarki, na gyara miki."

"Ba tawa ba ce." Ta nufi inda muke rataye riguna, ta ciro rigar sanyinta. "Zan tafi gida. Ana jirana."

Cikin kwana goma sau uku tana ficewa. Na ukun maƙwabcina Yanosh ne ya tsinto ta a tsaye a tsakiyar titin jirgi, saura minti ashirin jirgin Sombor ya iso. Cikin kwanakin nan ko sau ɗaya ba ta kira sunana ba.

'Yarmu Smilya, wadda ke aikin jinya a Novi Sad, ta bugo waya tana kuka. "Baba, ba za ka iya ba. Lahadi zan zo. In na same ta a haka, zan tafi da ita gidan kula da tsofaffi, na riga na yi magana da su."

"Uwarki ba za ta mutu a hannun baƙi ba."

"To a ƙarƙashin jirgi kake so ta mutu?"

Na kashe wayar. Na zage ta a zuciyata, alhali na san gaskiya ta faɗa.

Yanosh kafinta ne na ainihi, ba irina ba, shekararsa tamanin da ɗaya, kunnensa ɗaya ya mutu. Na kai masa kujerar na ba shi labari. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gam ɗin da farce, ya dube ni kamar na yanka masa akuya.

"Me ka zuba a nan, siminti?"

"Mai shago ya ce ya fi kowanne ƙarfi."

"Mai shago! Kai ɗan reluwe, katako ka ɗauka ƙarfen titin jirgi ne? Surukinka gam ɗin fata ya dafa ya sa. In ka yi kuskure da shi, ka zuba ruwan zafi ya saki, ka sake. Wannan naka kuwa ko ka tafasa kujerar gaba ɗaya ba zai saki ba." Ya yi tsaki. "Sai dai a yanke."

Ya hau soron gidansa ya sauko mini da busasshen icen tuffa, ya ara mini abin huda katako da tukunyar dafa gam. Aikin kuwa ya ce nawa ne, tunda shi ba ya jin kuka, kuma ni kaɗai na san muryar kujerar. Abin da ya yi mini shi ne zama da Desa a kicin, ƙofa a kulle, ni kuma ina bayan gida.

Na yanke sandar da zarto, alhali itace ne da mahaifinta ya sassaƙa. Na huda ramukan na fitar da simintina. Na sassaƙa sabuwar sanda, na dafa gam ɗin fata, warinsa ya cika tsakar gida, na manne ɓangare ɗaya na bar ɗayan a sake. Na zauna. Babu kuka. Na rage kan sandar kaɗan, na sake zama. Ta yi wani gurnani kamar tsohuwar ƙofa, ba shi ba ne. Na ƙara ragewa, sai sandar ta faɗo ƙasa. Na sake wata. Ranar Alhamis da Juma'a na zauna na tashi ya fi sau ɗari uku, har gwiwoyina suka kumbura. Ina ji Desa tana buga ƙofar kicin tana cewa, "Ku buɗe mini, don Allah ku buɗe mini, ana jirana a gida." Na ajiye kurfi na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ranar Asabar, sanda ta uku ta lalace. Yanosh ya leƙo ya ɗauki ƙafar kujerar, ya zura ɗan yatsa a ramin, ya ce, "Wannan ramin ya fi ɗan'uwansa faɗi. Kai ka faɗaɗa shi?"

"Haka na same shi."

"To surukinka ma ya yi kuskure ke nan, hannunsa ya goce. Da me ya cike? Ba ka ga komai a ciki ba ranar da ka kankare?"

Na tsaya. Na gani mana. Wani ɗan tsumma ne shuɗi, ya taurare, a naɗe a kan sandar. Datti na ɗauke shi, na yar.

Na kifar da buhun garin katako a ƙasa, na durƙusa ina tonawa da hannu, Yanosh yana tsaye yana zagina da yaren iyayensa da ba na ji. Sai wajen la'asar na same shi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na sassaƙa sanda ta huɗu, na naɗa mata tsumman ba tare da gam ba, na tura ta a ramin. Na zauna a hankali.

Ƙiii. Na jingina. Ƙat.

"Ya yi?" in ji Yanosh.

Na gyaɗa masa kai.

Ban kai mata ranar ba, sai da gam ɗin da na sa a ɗaya ɓangaren ya bushe. Lahadi ana buga ƙararrawar coci Smilya ta iso da akwati babu komai a ciki. Ta sumbace ni ba ta dube ni ba. Desa tana tsaye a bakin ƙofa da rigar sanyi, ta sa maɓallan a karkace, tun asuba take haka.

"Mama, ni ce," in ji Smilya.

Desa ba ta kula ta ba. Na shigo da kujerar na ajiye a gefen taga. Ban ce ta zauna ba, na san ba za ta ji ba. Ni na zauna. Kujera ta yi kukanta.

Desa ta juyo. Ta tako a hankali har gabana, ta ce, "Tashi mini."

Na tashi. Ta zauna, ta jingina, ta saurara. Ta sake tasowa ta zauna. Sai ta yi ajiyar zuciyar nan da na yi kusan kwana ashirin ban ji ba, ta fara ɓalle maɓallan rigar da kanta. Smilya ta rufe baki da hannu. Ta ture akwatin da ƙafa zuwa bayan ƙofa, na gane uwarta ba za ta tafi ba.

Na durƙusa a gaban Desa na kama hannunta. Jira nake ta faɗi sunana. Ta dube ni da kyau, ta dubi garin katakon da ke hannun rigata, ta yi murmushi irin wanda take yi wa baƙi.

"Bawan Allah, kafinta ne kai?"

"Ina ɗan taɓawa."

"To kada ka taɓa mini wannan, mijina ya ce zai gyara." Ta jingina, kujera ta ce ƙat. "In ka gan shi, Rade sunansa, a reluwe yake aiki, ka ce masa har yanzu ina jira."

Wata bakwai ke nan. Ba ta ƙara fita ba, ba ta kuma ƙara gane ni ba. Kullum da safe na kai mata kofi, ta zauna, kujera ta yi kuka, ta ba ni saƙo wurin mijinta. Da farko nakan ce mata ni ne, sai ta tsorata ta janye hannunta, don haka na daina. Yanzu cewa nake na gan shi, na gaya masa.

"Me ya ce?"

"Ya ce ranar Asabar."