Tabon da ke Bangon Ofis

Da kamfanin ya yanke shawarar rufe reshensa, sai aka ce motoci biyun da suka rage za a ba ma'aikata biyu mafi daɗewa a matsayin sallama. Sakatariya ta fi kowa daɗewa, don haka ita za ta fara zaɓa. Wadda ta bari ta zama ta Akanta. Da zarar an miƙa makulli, babu canji.

Ta riga ta san abin da za ta yi da motar. Albashi ya ƙare, mijinta tela ne, ɗinki kuwa yau akwai gobe babu. Wasu iyaye a layinsu sun yarda ta riƙa kai musu yara makaranta tana ɗauko su. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada yara su riƙa makara. Motar da za ta riƙa kwana a gareji za ta raba ta da wannan aikin.

Ranar zaɓen ta zo da mijinta. Ƙaninsa ya biyo su ba tare da an gayyace shi ba. A gida ana kiransa Injiniya, tun da ya taɓa kwance fankar mahaifiyarsu ya kasa mayarwa.

Motocin suna harabar ofis. Baƙar ta Darakta ce, tana sheƙi, bayanta na kallon bango. Farar ta aike ce, wadda ke kai kaya garuruwa masu nisa. Duwatsun hanya sun tsattsage mata fenti a gaba, kujerar direba ta yage.

Injiniya ya leƙa mitar kowacce ya dawo yana tafa hannu.

"Matar Yaya, ai magana ta ƙare. Baƙar kilomita dubu arba'in da takwas kacal ta yi. Waccan tsohuwar dubu ɗari uku da casa'in. Ta zaga duniya ta dawo, saura ta shiga kabari."

"Farar nake so," in ji Sakatariya.

"Yaya, ka ji fa. Rufe ofishin nan ya taɓa mata kai."

Mijin bai yi dariya ba. "Maman yara, ki yi tunani. Abincinmu ne a cikin motar nan."

"Shi ya sa na ce farar." Ta miƙa wa Injiniya makullin baƙar. "Tunda ka zo, yi amfani. Matsar da ita gaba kaɗan. Ka iya dai, ko ita ma kwance ta za ka yi?"

Ya matsar da ita. Inda bayanta yake, bangon ya bayyana. Daidai saitin salansar motar akwai wani baƙin tabo mai faɗin faranti, ya yi kauri har ya fara ɓamɓarewa. Daga nan hayaƙi ya ja layi sama, har ƙarƙashin wata taga. A ƙasa kuma ɗigar ruwan esi ta ci siminti ta yi ɗan rami.

"Waccan tagar ofishina ce," in ji ta. "Rabona da buɗe ta har na manta. Darakta ba ya shiga mota da zafi. Gidansa bayan layin nan ne, amma da direba ya kawo shi, ba a kashe mota. Tana nan a kunne da esi har a tashi, ko zai fita ko ba zai fita ba. Direban a ciki yake barcinsa."

"To ai ba tafiya take yi ba," in ji Injiniya.

"Taya ce ba ta tafiya. Inji fa? Mita juyin taya take ƙirgawa, ba ta san wahalar da inji ya sha a tsaye ba."

Mijin ya durƙusa ya shafa tabon. Yatsansa ya fito baƙi ƙirin.

Ta ci gaba, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Dokar kamfani kuma, sai mota ta cika kilomitan da aka ƙayyade ake juye mata baƙin mai. Ni ke kiran makanike, na sani. Farar kusan kowane wata tana gareji ana mata sabis, don kullum tana hanya. Baƙar kuwa sai ta shekara mitarta ba ta kai ba."

Ta sa aka buɗe bonet ɗin duka biyu. Murfin man baƙar ya fito da wani abu mai kauri manne a cikinsa, kamar kwalta. Na farar ya fito tas, man da ke jikin ma'auni kalar shayi.

Injiniya ya sosa ƙeya. "Amma dai dubu ɗari uku da casa'in ba wasa ba ne."

"Ban ce yarinya ba ce. Ƙafafunta na baya sun gaji, na ji su a kan rami. Ƙofar nan sai an buga da ƙarfi. Kulocinta ma wata rana zai nemi canji. Duk wannan ina gani da idona, kuma ana sayar da su a kasuwa. Abin da ke cikin injin baƙar ne ban san ranar da zai tashi ba, kuma ba zan jira shi da yaran mutane a baya ba."

Mijin ya zaga farar a hankali. Ya tsaya a kan kujerar da ta yage.

"Iyaye za su ga wannan su ce me?"

"Su ce matar tela ce, kuma telan bai damu ba."

Ya kalle ta. Sai ya zaro tef daga aljihu ya fara auna kujerar.

Akanta ya fito daga ofis a daidai lokacin. Da ya ji wadda ta zaɓa, ya kasa ɓoye murnarsa. Ta nuna masa bangon da murfin man, ta ce ya kai baƙar a wanke inji kafin ya yi nisa da ita.

"Hajiya, ni ba hawa zan yi ba," in ji shi. "Sayarwa zan yi. Mai saye mita zai duba."

"Ka kawo shi ya ga bangon," in ji ta.

Akanta ya yi dariya ya karɓi makulli.

An canza wa farar ƙafafun baya kafin a koma makaranta. Mijin ya ɗinka mata rigunan kujera da yadi mai kauri, ruwan toka, don kada dattin takalma ya nuna. Zangon farko ya wuce ba ta tsaya a hanya ba. Sau ɗaya taya ta yi faci, aka canza, yara suka shiga aji kafin a kaɗa ƙararrawa. A zango na biyu wasu gidaje biyu suka nemi a saka nasu, ta ce kujeru sun cika.

Wata safiya Injiniya ya tare ta a bakin layi, babur ɗinsa ya ƙi tashi.

"Matar Yaya, a rage min hanya."

"A cikin mai shirin shiga kabari?"

"Haba, ai ni na ba ki shawarar ɗaukarta."

Yaran da ke baya suka matsa masa. Ya shiga ya ja ƙofa, ba ta kama ba.

"Da ƙarfi, Kawu!" suka ce baki ɗaya.

Ya buga. Ta sa giya suka tafi.