Amyar da Andrawus Ya Ɗauko Daga Kazage

Ranar da mutanen Kazage suka gudu daga 'yan bindiga, kowa abin da ya fi so ya sunkuta. Wani akuya, wani buhun dawa. Andrawus kuwa amya ya toshe wa baki da tsumma, ya aza a ka, ƙudan zuma na ta gunaguni a ciki har Birnin Gwari. Sauran amyoyinsa suna can rataye a daji, inda ba mai shiga yanzu sai wanda ya gaji da duniya. Wannan ɗayar ce ta rage masa, kuma ita kaɗai ke sa ya ji har yanzu shi mai sana'a ne, ba ɗan gudun hijira ba.

Ya ɗora ta a kan gwafa bayan gidan da aka ba su aro. Da damina ba damuwa, fure ko'ina. Sanyi ne abin tsoro, lokacin da ciyawa ke bushewa, ƙudan su rasa abin kai wa baki. A daji kaɗanya da ɗorawa ke riƙe su, don su a tsakiyar ɗari suke fure. A unguwar nan kuwa tuni an sare su an yi gawayi.

Matarsa Martha ta ce, "Baban Saliha, mu kafa zogale. Kafin sanyi zai yi fure, kuma shi ba ruwansa da ɗari."

"Zogale! Miya zan yi ko zuma? Ubana bai taɓa rataya amya kusa da zogale ba."

Shi ke nan fa. Andrawus in ya ce ubana, to, tattara maganarka ka ajiye. Ya nemo ƙwarar kaɗanya da kalwar ɗorawa ya shuka reras a jikin danga, har da tuge 'yan zogalen da Martha ta faki idonsa ta kafa, wai za su tare musu rana. Kuma fa ya sani sarai, sai jariri ya zama magidanci kafin kaɗanya ta yi fure. Ya sani mana! A ransa dai cewa yake, kafin sanyi ai an koma gida.

Ba a koma ba. Sanyi ya sauko har yana fasa leɓe, kaɗanyar kuwa ba ta wuce ɗan yatsa ba. Martha ta jiƙa sukari a faranti, tururuwa suka riga ƙudan. Kullum da safe Andrawus sai ya kara kunne a jikin amya, kullum ƙugin na raguwa. Tsoro ya kama shi sosai, abinci ma ya daina shiga. Ya lallaɓa gidan maƙwabci ya roƙo sandunan zogale, ya kafa, ya yi ta ba su ruwa, ko toho ba su yi ba.

Wata rana da hantsi yana zaune sai ya ji wuuu a bayan gida. Ƙudan ne suka fito gaba ɗaya, baƙi ƙirin kamar hayaƙin juji, suka yi sama. Ya watsa musu ƙasa, ya buga tasa, duk dabarar da ake yi don su sauka ya yi. Ina! Suka miƙe suka nufi daji.

Ya bi su da gudu ba takalmi, dattijo da furfurarsa, mutane na kaucewa. A ƙarshen gari, inda 'yan sa-kai suka gitta gungume a hanya, wani cikinsu mai suna Bakoji ya riƙe masa riga.

"Baba, ina za ka? Daga nan ba a wucewa."

"Sake ni, ɗan nan, nawa ne!"

Bakoji bai sake shi ba. Andrawus ya tsaya yana haki, yana kallonsu suna ƙanƙancewa a saman itatuwa, saitin hanyar Kazage. Martha ta iso riƙe da takalmansa.

Bai juyo ba ya ce mata, "Kin gani? Su sun tafi gida."