Ƙasar Gonar Kawu Ciɗo

Kawu Ciɗo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar labo, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, rana tsaka, rawani ya karkace, rai a ɓace. Tun daga Barmu yake tafe da fushinsa. Ga zafin bazarar Tawa kamar bakin tanda, amma ko ruwan da aka miƙa masa bai kalla ba.

Hasiya ya zo nema, ɗiyar ƙanwarsa, wadda ta yi karatun ƙwayoyin cuta take aiki a nan. Bara da damina ta bi gonakin arewacin Adar tana ɗibar ƙasa cokali-cokali, tana neman ƙananan halittun da ke kashe cututtukan da suka gagari allura. Da ta iso gonar kawunta ba ta nemi izini ba, gani take gida ne. Karatu ya mantar da ita abin da kowace tsohuwa a Barmu ta sani: wanda ya ƙulle ƙasar gonar wani a leda, albarkar gonar ya zo ɗaukewa. Wani maƙwabci ya hange ta, ya kai labari. Aka kuwa yi rashin sa'a, tsutsa ta cinye hatsin Kawu a shekarar.

"Ƙasata nika so," in ji shi. "Duka. Da ita da abin da kinka hidda cikinta. Sai na maishe ta kahin ruwan shibka."

 Cikin ƙasar gonaki masu yawa da Hasiya ta gwada, ta Kawu kaɗai ta nuna abin kirki. In ya kwashe, aikin shekara ya bi iska, kuma ba tabbas in ta sake ɗiba ta dace da irinsa. Tana iya ɓoye faranti guda na halittun da ta fitar a firigo, na'urar sanyi, wa zai sani? Sai dai wannan tsohon shi ya riƙe ta bayan rasuwar babanta, ba ta iya yi masa ƙarya.

"To Kawu, ni ba ka. Amma ka taho ka ga abin da za ka ɗauka."

Ta wanke masa hannu, ta ɗaura masa farar riga bisa babbar rigarsa, ya shiga yana harare-harare. Ta fito da ɗan farantin gilas mai murfi. A cikinsa akwai wasu ɗigo-ɗigo farare, busassu kamar an barbaɗa toka. Wannan ba mai cutarwa ba ne, don haka ta ɗaga murfin kaɗan.

Kawu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya ja numfashi. Ya waiga wajen taga, sama tas, ko gajimare babu. Ya sake sunkuyowa.

"Hasiya, wanga ƙamshin ruwan hwari na. Ina kinka samo ruwa cikin bazara?"

"Ba ruwa na ba, Kawu. Su na. Ƙamshin da kaka ji in sama ta sauka bisa busasshiyar ƙasa, waɗanga ka yin shi."

 Tun Kawu yana bin babansa gona da ƴar kwasa yake jin ƙamshin nan, shi ke tashinsa ya ɗauko iri, kuma bai taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. A zatonsa daga sama ne.

Ta kai shi gaban na'urar da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Da ƙyar ya iya rufe ido guda. Can sai ya ce, "La ilaha illallahu!" Zare ya gani, siriri, ya yi rassa ya saƙu da juna kamar saiwar gero, iyakar ganinsa.

"Da rai gare su?"

"Da rai. Cikin cokali guda na ƙasarka, masu rai sun hi mutanen Nijar duka yawa."

Ya nemi kujera ya zauna. Hasiya ta san lissafin da yake yi: gonarsa tun daga gawo har bakin kwari, cokali nawa ke nan?

Ta ɗauko faranti na biyu, wannan a liƙe yake, ta hana shi taɓawa. Wani abu rawaya-rawaya ya mamaye shi ko'ina. Ta ce ƙwayar cuta ce daga gyambon da ya ƙi jin kowane magani. A tsakiya akwai farin ɗigo guda daga gonarsa, kuma kewaye da shi fili ne fetal, cutar ta kasa matsowa.

"Wa yak kore ta?"

"Shi. Wani abu shika hiddawa don kare gidanshi."

"To magani ya samu ke nan?"

"Tukuna, Kawu. Sai an kai shi manyan labo an yi shekaru ana gwaji. Shina iya zama magani, shina iya ƙi."

Ta haɗa farantin farko da ledar ƙasar da ta rage, ta tura gabansa. 

Kawu Ciɗo ya daɗe yana kallon filin nan da cuta ta kasa shiga. Tsoro ya kama shi, irin wanda ke kama mutum in ya gane ya jima yana taka abin da ya fi ƙarfin saninsa. Ya sa yatsa biyu ya daidaita murfin farantin farko a hankali, sannan ya tura mata duka.

"Maishe su inda sanyi. In ta ƙare, ki taho ki ɗiba. Amma ki yi sallama kahin ki shiga."

"In sha Allahu, Kawu, sai na biyo gida na hwaɗa maka."

"Ba ni ba," in ji shi, yana nuna farantin. "Su."