Takalmin da Ya Ƙi Sakin Feda

Ranar da Dogo ya sa wa kekensa sabuwar feda, irin wadda takalmi ke maƙalewa a cikinta ƙas, mai gyaran keke ya ja masa kunne: "Kafin ka kama birki, murɗa diddigenka waje. In ka manta, kai da keken za ku kwanta tare."

Haka kuwa aka yi ta yi. Dogo ya kwanta a ƙofar gida, ya kwanta gaban mai jarida, ya kwanta a lungunsu yayarsa na leƙowa ta taga tana cewa, "Ƙanena, wai kai ke hawan keken nan ko shi ke hawanka?"

Duk wandon da ya yage a gwiwa, shagon wata mai ɗinki da ke bakin shataletale yake kai shi. Tana da murmushi mai sa mutum ya manta sunansa, balle diddigensa. Dogo ya daɗe yana dakon sonta, bakinsa ya kasa saukewa. Rannan ya rantse sai ya faɗa mata.

Ya taho a guje, ya hango ta a ƙofar shago da tef ɗin awo rataye a wuya. Ya murɗa diddige, takalmi ya ce bai san zancen ba. Faɗuwa a gabanta? Gara mutuwa! Sai ya saki birki ya shiga zagaya shataletalen.

"Ina wuni!" ya jefa mata yana wucewa.

Da ya zagayo: "Akwai wata magana..."

Da ya sake zagayowa, yana haki: "...da ta hana ni barci!"

Mai shagon kusa ya jawo kujera ya zauna kallo. "Samari, a ƙara wuta, mun kusa jin ƙarshen!"

Mai ɗinki ta riƙe ƙugu. "Malam, ni ba na sauraron maganar da ake yanka min gunduwa-gunduwa. Ka tsaya ka faɗa, ko in shige in rufe ƙofa."

Ta kama ƙofar da gaske. Dogo ya runtse ido, ya damƙe birki. Keken ya tsaya cak, ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ya kwanta da shi a hankali, rim, a gaban takalmanta. Ƙafafunsa na nan maƙale, tayar baya na juyawa ita kaɗai.

Ta tsuguna ta dubi gwiwar wandon da ta ɗinke makon jiya. Wandon ya sake yagewa.

"To, ka tsaya. Ina jin ka."

"Ina son ki," in ji Dogo, kuncinsa a ƙasa.

Ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya a bayan tef ɗin awonta. "Na sani tun wando na biyu. Murɗa diddigen ka tashi, mutane na kallonmu."

Ya murɗa. Ƙas! Takalmin ya fita salin-alin.