Kwafi Ukun Hamma Badaru

Juwairiyya ta san Hamma Badaru tun yana saka gajeren wandon makaranta, saboda haka ba ta taɓa yarda da rabin abin da yake faɗa ba. Ɗan baffanta ne, sunansa na yanka Badruddeen, amma tun da ya je wani kwas na kwamfuta a Kaduna ya dawo, sai ya sa aka rubuta masa "Injiniya" a jikin get ɗin gidansa na Gwallameji. Duk da haka shi ta miƙa wa aikinta, don a dangi kaf shi kaɗai ke da na'urar da za ta iya ɗaukarsa.

Aikin kuwa muryoyi ne. Ita malama ce a wata kwaleji, tana koyar da harsuna. Shekara da shekaru tana bin rugage da tsofaffin gidajen Ƙofar Wambai da ƴar rakodarta, tana naɗar waƙoƙin daka da na reno da na kiran shanu daga bakin tsofaffin mata, wasu da Fillanci wasu da Hausa. Burinta a zuba su a shafin intanet, duk mai so ya shiga ya saurara.

Da ta ce za ta kai wa kamfanonin da ke ajiye wa mutane shafi, Hamma Badaru ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai mai gida ba ya kama haya. Ya ja ta zuwa wani ɗaki da yake kira cibiyar bayanai, wanda matarsa ta tabbatar mata an gina shi ne don buhunan masara. A ciki akwai fanka, da batiran sola, da wata tsohuwar kwamfuta da ya sayo a gwanjon wani ofis, tana ƙyafta koriyar fitila. Wannan ita ce saba, in ji shi, ita za ta riƙe shafin dare da rana.

Juwairiyya ta dubi akwatin, ta dubi rufin ɗakin, ta tambaye shi in abin ya lalace fa. Nan ya gyara tsayuwa, ya harɗe hannu a baya kamar mai jawabi a gaban gwamna. Ya ce ƙa'idar masana ita ce kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. Na farko yana cikin sabar. Na biyu yana cikin wani faifan ajiya da ake jonawa daga waje. Na uku kullum da kansa yake tashi ya tafi wata ma'ajiya ta intanet a ƙasar waje. Ko gidan nan ya nutse, in ji shi, waƙoƙinta na nan.

Ya kuma gano tana tara katunan memorin rakodarta a gwangwanin alewa, ya mai da abin na tsokana. Duk inda suka haɗu sai ya tambaye ta lafiyar gwangwani, ya ce boko bai raba ta da halin tsofaffi masu ƙulle kaya a bakin zane ba. Ita kuma tana buƙatar katunan don sabon naɗi. A hankali ta riƙa goge su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta kai masa ya ce ya shiga sabar.

Shafin ya yi aiki, wannan ba ta musa ba. Ɗalibai suka riƙa shiga, ƴan uwa na Jos da Yola suka riƙa aiko da godiya, Hamma Badaru yana karɓar godiyar a madadinta.

Ran wata Laraba cikin Agusta, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas, aka yi wata tsawa da ta sa awakin unguwa shiga zaurukan mutane. Da ruwa ya ɗauke ta duba shafin a wayarta, bai buɗe ba. Ta kira shi ya ce ƙaramar matsala ce. Washegari ya ce yana kan aikin. Daga nan ya daina ɗaukar waya, sai ta tari keke ta nufi Gwallameji.

Tun daga tsakar gida ta ji ƙaurin roba. Ta same shi tsugune a cibiyar bayanai da singileti, sukundireba a hannu, sabar a buɗe kamar cikin rago ranar layya. Ba ta zauna ba. Ta ce ya ɗauko kwafin farko.

Ya yi gyaran murya ya ce wannan yana cikin faifan sabar, wanda tsawar ta ƙone. Ashe kwafin da asalin a faifai guda suke kwana, aljihun hagu da na dama na riga ɗaya. Ta ce to na biyu. Ya nuna mata wani ɗan baƙin akwati da ya narke ta gefe. A kan sabar yake ajiye shi, a soket ɗaya suke shan wuta, kuma bai taɓa zare shi ba tun ranar da ya jona, wai don kada ƙura ta shiga ramin.

Na ukun ne ya dawo masa da murya. Ya ɗauko laftof ɗinsa, ya ce yanzu za ta ga amfanin ilimi. Ya shiga ma'ajiyar ƙasar wajen, ya juyo mata da fuskar laftof ɗin tun kafin shi ya duba. Abu biyu ne a ciki: shafin gwaji mai cewa barka da zuwa, da hotonsa cikin kwat yana dafe da haɓa. Bayan an yi ta tone-tone aka gane cewa tun farkon aikin ya canja kalmar sirri, bai gaya wa manhajar da ke aika kwafin ba. Kullum tana ƙwanƙwasa ƙofa ana koro ta, kullum tana aika masa saƙon gargaɗi a wani imel da ya daina buɗewa.

"Hamma, ka taɓa gwada dawo da ko waƙa ɗaya daga ciki, ka ga ko tana nan?"

"Juwaira, ai ba a gwada irin wannan sai ta ɓaci," ya ce.

Haushinsa bai kai haushin kanta ba, ita da ta san shi sarai amma ta bar dariyarsa ta sa ta goge katunanta.

Ta naɗe faifan biyu a gyale ta kai wa Obadiya, wani mai gyaran kwamfuta a Fadaman Mada. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tsamo ƴan guntaye daga na wajen, wasu rabin waƙa, wasu shiii kawai. Na cikin sabar kuwa ya ce ta haƙura.

Sai ta koma bara. Ta bi duk wanda ta san ya taɓa shiga shafin tana roƙon ya duba wayarsa. Phoebe, abokiyar aikinta, ta sauke da yawa don ɗalibanta, ta kawo mata su cif. Matan dangi suka tono waɗanda suka tura wa juna a waya. Har wani direban motar haya aka samu yana kunna waƙoƙin daka wa fasinjojinsa, bai ma san daga ina suka fito ba. Da haka fiye da rabin aikin ya dawo gida.

Abin da bai dawo ba shi ne naɗin Goggo Fatu, wata tsohuwa da ta shafe yini guda tana rera mata waƙoƙin da ake yi wa maruƙa, tana kiran shanun mahaifinta da sunayensu. Juwairiyya ba ta gama fassara su ba, don haka ba a fitar da su ga jama'a ba, ba wanda ya sauke. Goggo Fatu kuma ta rasu tun bara. Juwairiyya ta je wurin ƴarta a ruga, matar ta rera baiti kaɗan ta tsaya, ta ce sauran Inna ce kawai ta iya.

Ita da Phoebe suka sake ɗora shafin a wani wuri. Faifai ɗaya yana gidan Juwairiyya, ana kwafa a zare shi a sa a durowa. Ɗaya yana gidan Phoebe a can wata unguwa. Na intanet kuma duk ƙarshen wata sai sun zauna sun sauko da waƙa daga cikinsa sun saurara da kunnensu kafin su yarda yana nan.

A wani suna da aka yi a Ƙofar Wambai, ta ji Hamma Badaru a zaure yana ba dattawa labari. Tsawa daga Allah take, in ji shi, ko manyan kamfanonin duniya ba su da maganinta, kuma ba don tsarin da ya kafa ba da ko ɗaya ba a samu ba. Dattawa suka gyaɗa kai suna sa masa albarka. Baffa ya sa aka kira ta, ya ce ya ji tana fushi da yayanta a kan abin da ƙaddara ce, ta bari. Ta durƙusa ta ce to, Baffa.

Da za ta fita, Hamma Badaru ya biyo ta har bakin titi. Ya ce ya ga sabon shafin, ba laifi, sai dai akwai gyare-gyaren da sai ƙwararre. Ya ma yi odar wata sabar da ta fi waccan. Ta turo masa kalmar sirri kawai ya duba mata tsarin ajiyar.

"Sai na tambayi Phoebe, Hamma," ta ce. "Amma akwai hotonka na kwat a wurinmu, mun yi masa kwafi uku. In kana so a turo maka."

Ya tsaya yana tunanin ko yabo ne. Ita kuwa ta ɗaga wa mai keke hannu, ta ce ya kai ta gida, Fadaman Mada.